Usur da Riga Mai Ƙyalli

Ba zan taɓa mantawa da daminar da ruwa ya ci unguwannin gangare na garinmu Kazaure ba. A cikinta na samu aikin farko a rayuwata, a cikinta kuma na tafka abin kunyar da har yau idan na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ruwan ya gangaro daga duwatsu kamar da gayya, ya kwantar da gidajen ƙasa lungu-lungu. Da ya janye, hukuma ta ba wa masu tifa kwangilar kwashe ɓaraguzai, ta kuma ɗauko wani kamfani daban don ya sa musu ido, kada su kwashi rabi su ce sun gama. Wannan kamfani na biyu shi ya ɗauke ni. Lokacin na daɗe da gama makaranta ina zaman kashe wando a majalisa, saboda haka da aka miƙo mini riga mai ƙyalli da hular kwano da usur, sai na ji kamar sarauta aka naɗa ni. (Har hoto na ɗauka, hannu a ƙugu. Yana nan a wayar ƙanwata, ta ƙi gogewa.)

Shugabanmu, wanda kowa ke kira Injiniya, mutum ne mai zafi. Wata safiya ya tara mu ya ce labari ya iso masa cewa leburori suna barci a gindin bishiya, mu kuma muna kallo. "Duk wanda na zagayo yau na tarar da tulin ƙasa a unguwarsa," in ji shi, "ya cire mini rigata ya koma gida." Ni kuwa na san abin da ke jira na a gida, bencin majalisa ne da kallon tausayi na mahaifiyata. Na rantse a raina ba zan ajiye rigar nan ba.

Na kira direban tifa na ce ya biyo ni, na yi gaba a ƙafa. Ina shan kwanar wani lungu sai ga abin da Injiniya ya faɗa, ƙuru-ƙuru: gida ya zube, ƙasa ta tare rabin hanya, shebur da diga an jingine su a katanga, ga maza sun baje a kan tabarmi a inuwar darbejiya. Ban yi sallama ba. Na dai cika kumatu na busa usur ɗin nan har sai da kaji suka watse.

"Kai! Wannan wane irin zama ne? An ɗauke ku aiki kun zo kuna shan inuwa? Kowa ya tashi ya ɗauki shebur! Tarkacen nan na banza, yau sai an zubar da shi a bola!"

Babu wanda ya motsa. Shirun ya ƙara tunzura ni, na sake busawa. (Yanzu nake tambayar kaina: wane lebura ne ke zuwa kwasar ƙasa da wankakkiyar riga da hula? Wane lebura ne ke jera takalmansa a bakin tabarma, da carbi a hannu? Duk na gani da idona, amma rigar nan ta toshe mini kai.)

Wani dattijo da ke zaune a tsakiya ya ɗago ya dube ni. Idanunsa sun yi ja, muryarsa a dushe.

"Sannu da aiki, yaro. Fuskar nan kamar ta gidan Malam Iro tela ce."

Na ce eh, ɗansa ne. Muryata ta riga ta fara sauka.

"Allah sarki. Ka ce Malam Sale yana gaishe shi. Zo ka zauna ka yi mata addu'a. Mai ɗakina ce. Jiya da hantsi ta shiga fito da kwanukanta, bangon ya sha ruwa, ya faɗo mata. Sheburan da ka gani, da su aka tono ta, da su kuma aka haƙa mata makwanci."

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na cire takalmi, na rarrafa gefen tabarma, na ce, "Baba, ya haƙuri?" Ya amsa da godiya. Aka ɗaga hannu ana yi mata fatiha, ni ma na ɗaga, ga usur yana reto a wuyana, ga riga tana ƙyalli a cikin mutanen da ke kuka a ɓoye. Da a ce wani ya zage ni, ko ya tsinka mini mari, wallahi da na ji sauƙi. Wani ma matsawa ya yi ya ba ni wuri.

Ana shafawa kenan sai ga tifar da na kira ta danno kai cikin lungu, direba yana danna hon yana ƙwala mini kira: "Oga, ina za mu fara?"

Malam Sale ya dubi motar, ya dubi tulin ƙasar, sannan ya juyo gare ni.

"Yaro, alfarma ɗaya. Ƙasar nan a bar mini ita. A ɗakin nan na ajiye marigayiya tun tana amarya, ita ta yi daɓensa da hannunta. Idan ruwa ya ɗauke, da ƙasar nan zan sake tayar da shi. Ba ni da wata."

Ina so in ce muku jarumta na yi, amma gaskiya ba haka aka yi ba. Hannu kawai na ɗaga wa direba na yi masa alamar ya koma, ya yi baya yana mita. Da yamma Injiniya ya zagayo, ya tarar da tulin ƙasa a inda yake, ya cika alkawarinsa. Na fara yi masa bayani, sai na ga idan zan faɗa dole in haɗa da zancen usur, na miƙa masa rigar kawai.

Mahaifina bai yi mini faɗa ba da labarin ya iso masa. Hularsa ya ɗauka ya tafi ta'aziyya, ya ce in biyo shi. Na bi shi a baya kamar akuyar da za a kai kasuwa.

Da kaka na sake bi ta lungun. Ɗakin ya tashi, bangonsa da jar ƙasa da baƙa a gauraye. Malam Sale yana zaune a ƙofarsa shi kaɗai, da kwanuka biyu a gefensa, ɗaya ya lotse. Na yi sallama tun daga nesa, ya amsa, ya tambaye ni aiki. Na ce aiki da godiya.

Tun daga ranar, ko awaki na tarar kwance a gindin bishiya, sai na yi musu sallama kafin in buɗe baki.