Zanen Takwas a Tsakiyar Madatsa

Hamish ya dawo daga karatu a Kanada da yaƙinin cewa babu abin da ba ya aunuwa, har da wasan zamiya a kan ƙanƙara. Tsalle kaza maki kaza, wanda ya fi tarawa shi ya ci. Amma jiya a gasar maza ta birnin Dunedin, da aka ba wani ɗan garin Christchurch na ɗaya bayan ya sha ƙasa har sau biyu, aka bar wani ɗan garin Gore da ko tuntuɓe bai yi ba, sai ya ji hannunsa ya yi nauyin tafi. Bai faɗa wa kowa ba, balle kakarsa Noeline, wadda ta yi alƙalancin wasan tun kafin a haifi uwarsa. Ita ce ta tasa shi gaba da safe zuwa madatsar ruwan gonarsu, wai za ta nuna masa inda maza suka yi wasa. Agusta ya zo ƙarshe, hunturun ƙasar na shirin tafiya, iska mai ɗumi ta kwana tana kaɗawa, ƙanƙarar madatsar ta yi toka-toka, gefenta duk ya jiƙe.

"Lafiya lau na kwana, in ban da kai," in ji Nana Noeline tana saukowa daga akori-kurar da sandarta. "Minsharinka har tumaki sun kawo ƙara."

"Au, ni ne? Na ɗauka haƙoranki na roba ne ke hira a cikin kofi."

"Haƙorana ko a cikin kofi sun fi alƙalanka na jiya gani."

"Nana, lissafi ne fa. Yaron nan juyi uku da rabi ya yi a sama. Ko ya faɗi, kaɗan ake cire masa, sauran makin nasa ne."

"Wato a Kanada in mutum ya faɗo daga kan rufi, sai a tafa masa don rufin na da tsawo?"

"Ɗan Gore ɗin naki fa? Zagaye ya yi ta yi kamar wanda ya yar da makullin mota."

"Zagayen nan shi ne wasan, ja'iri. Ka ji ƙarar wuƙar da ke ƙasan takalmin zamiyarsa? Ba ka ji ba, don babu ita. Naka gwanin kuwa kamar ana jan teburi a siminti."

"Ku a zamaninku ai son kai ne. A ɗaga kwali, a ba ɗan ƙawa cikakken maki shida, a tafi shan shayi."

Ta nuna shi da sanda. "Ban taɓa ba ɗan adam shida ba. Mu a kan ƙanƙarar muke tsayawa, cikin sanyi. Mutum ya zana lambar takwas a kan ƙanƙara da ƙafa ɗaya, ya bi ta kan layin, ya sake bi, ya yi wa ɗaya ƙafar haka. Babu mai matsawa sai ya gama ya kauce. Sannan mu durƙusa, hanci a ƙasa, mu ga ko layi ɗaya ya bari ko tsintsiya. Naku alƙalan suna zaune da bargo a cinya suna latse-latse kamar masu sayar da tikitin jirgi."

"Shi ya sa hancinki ya yi tsawo."

Ba ta rama ba. Hamish ya juyo, don bai taɓa jefa mata magana ta faɗi ƙasa ba. Idonta na kan madatsar, inda hazo ya fara yayewa.

Can a tsakiya, lambar takwas ce kwance a kan ƙanƙarar, da'ira biyu manya, farare tas, sababbi kamar yanzu aka ɗaga ƙafa. Ya bi gefen madatsar da ido yana neman inda mai zanen ya shiga. Babu. Taɓon bakin ruwa sumul yake, ba sawun takalmi, ba na taya. Ƙofar gonar ma shi ya kwance sarƙarta da hannunsa ɗazu.

"Tsagewa ce," ya ce. "Ko iska."

"To iskar ta yi makaranta, ta fi ka." Ta gyara hularta ta ulu ta fara gangarawa.

"Ina za ki?"

"Aiki."

"Nana, ƙanƙarar nan ko kare ba za ta ɗauka ba."

"Shi ya sa kai za ka tsaya a nan."

"Ke fa?"

"Ni abin da ya rage a jikina bai kai jelar tunkiya ba."

Madatsar ta yi wani dogon nishi daga ƙasa, ya taso daga wancan gefen ya zo ya mutu a ƙarƙashin ƙafafunsu. Hamish ya san halin kakarsa. In ya riƙe mata hannu, yau za ta biyo shi gida, gobe ta dawo ita kaɗai kafin ya farka. Ruwan tsakiya kuwa zurfinsa zai shanye mutum biyu a tsaye.

"Dubi wuyan takwas ɗin," ta ce a hankali, "yadda ya ɗan karkata. Mutum ɗaya na sani mai wannan karkatar. Murdo ne."

Murdo mijinta ne, kakan Hamish, kuma yana kwance a maƙabartar Naseby tun Hamish na firamare.

"Kaka Murdo ya bar wasa, Nana. Ya bar komai ma."

"Bai bar taurin kai ba. Kullum ina gaya masa kafaɗarsa na faɗuwa a kwana, yana cewa baƙin ciki nake masa. Bari in je in gani ko ya gyara."

Ta ɗora ƙafa ɗaya. Ruwa ya ɓulɓulo ya zagaye takalminta. Hamish ya tattaro ɗan abin da ya rage masa na tsiya.

"Ashe ke ma alƙaliyar jabu ce."

Ƙafa ta biyu ta tsaya a sama. "Maimaita."

"Yanzu kika gama cika min kunne: ba a matsawa sai mai wasa ya gama ya kauce. Wa ya ce miki ya gama? Tsohuwa da ke, za ki taka wa mutum zane yana tsakiyar aiki? Ko alƙalan bargo ba sa haka."

Don ya ja lokaci kawai ya faɗa. Amma sai ta karkata kai tana saurare, kamar yadda take yi a filin gasa. Shi ma ya yi shiru, ya kuma yi da-na-sanin yin shirun. Wata siririyar ƙara ce, kamar ana jan wuƙa a kan gilashi, tana nisa, tana dawowa, tana nisa. Babu kowa a kan ƙanƙarar. Da'irar hagu dai ya ga kamar ta fi ɗazu fari.

"Yana kan ƙafar hagu," ta ce da raɗa.

Ta janye ƙafarta ta dawo kan taɓo. Ta daɗe tana kallon jikanta, sannan ta fashe da dariya har da tari.

"Ka ci wannan, ɗan nema. Ashe ba sanyi kaɗai ka kwaso a Kanada ba." Ta laluba aljihun kwat ɗinta ta zaro naɗin burodi da cuku, da sauran ɗuminsa. "Ungo. Nawa ne, amma kai ka fi buƙatarsa."

Ya karɓa, ya kasa ci. Ya taimaka mata ta hau mota, ya zagaya ya zauna, ya ƙi yarda idonsa ya kai kan madubi. Sai da ya tada injin ƙarar ta rufe waccan, sannan ya iya tambaya.

"In ya gama fa, Nana? Za ki dawo?"

"Murdo ya gama?" Ta ja bel ɗinta ta ɗaure. "Mutumin da ya tafi ya bar min akurkin kaji ba rufi? Kafin ya gama, agwagi na iyo a wurin. Ja mota."