Mu Makusantan Shinkafa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Albashi, Alawus da Ladabtarwa,
Babban Ofishin Bankin Albarkar Kwari,
Hawa na can ƙololuwa,
Manila.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kai da iyali da sauran manyan kwamiti kuna cikin ƙoshin lafiya, kuma kuna cikin ƙoshi. Sunana Crisanto Dumlao, jami'in ba da rance a reshenku na San Rustico. Idan garin bai faɗo maka a rai ba, babu laifi. Mu ne a jikin kalandar banki ta bana, inda ɓauna ke tsaye a ƙofar ofis. Ɓaunar ba ma'aikaciyarku ba ce, shi ya sa za ka ga ita kaɗai ce mai ƙiba a hoton.

Na rubuto ne a kan kashiyarmu mai karɓa da biyan kuɗi, Manang Felisa Agcaoili (a nan Manang da Manong kamar a ce yaya ne, mace da namiji), wadda kuka dakatar, kuka kuma kira ta gabanku ranar Litinin mai zuwa don a yanke mata hukuncin kora. Laifinta shi ne ta karɓi rabin buhun shinkafa daga hannun wani manomi. Saura 'yan watanni ta yi ritaya, kuma dokarku ta ce wanda aka kora ba ya shinshinar fansho. Na bi ta jarida ne domin takardun da na yi ta turowa akwatin ƙorafi har yau ba su samu amsa ba. Kafin in kai ga maganarta, ka yi haƙuri da 'yan ƙananan koke-koke.

Na farko, godiya. Ranar da babban bankinku ya sayi ɗan ƙaramin bankinmu na karkara, kun zo da kanku, kun yanka alade, kun ce daga yau mun zama iyali ɗaya. Kuma kun cika alkawari. Rigarmu ta aiki iri ɗaya ce da ta 'yan Manila, addu'ar safe ɗaya, lokacin tashi ɗaya, faɗan da ake yi mana ta waya ma iri ɗaya ne. Albashi ne kaɗai ya bambanta, kuma kun yi mana bayani mai gamsarwa cewa rayuwa a ƙauye araha ce. Na kai wannan bayanin kantin magani, na kai shi makarantar 'yata, na kai wa mai gidan mai. Duk sun ce labarin bai iso musu ba tukuna. Ko za a taimaka a aiko musu da kwafi?

Na biyu, buhun wata. Ko yaro a ƙasar nan ya san ma'aikacin banki yana da buhun shinkafarsa a ƙarshen wata, shi ne abin da ke sa surukai su riƙa yi masa fara'a. Bara sai ga sanarwarku cewa an soke namu, an bar na 'yan birni, saboda mu, a cewar takardar, "ma'aikata ne makusantan shinkafa". Ranka ya daɗe, wanda ya ƙirƙiro wannan suna ya cancanci ƙarin girma, idan ma ba a riga an yi masa ba. Gaskiya ya faɗa, gonakin suna nan daga tagar ofis har gindin dutse. Na gwada tsayawa a tagar da tsakar rana ina kallonsu, cikina bai daina kuka ba, amma wataƙila ban iya kallon ba ne. Da na karanta wa matata Nenita sanarwar, cewa ta yi, "To madalla. Tunda kusancin ake ci, ɗauki farantinka ka nufi taga, ka bar wa yara abin da ke tukunya."

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, 'yan Manila ma ai suna kusa da ofis, amma ba a soke musu kuɗin mota ba. Mu kuma, bayan shinkafa, muna kusa da kuɗi, don ɗakin ajiya yana bayan kujerar Manang Felisa. Ina roƙo kada a karanta wannan layin da ƙarfi a zaman kwamiti, kada wani ya ɗauka shawara na kawo a soke albashin.

Na uku, kuɗin tafiya, wanda ba ku biya sai da rasit mai hatimi. Rabin manoman da nake bi suna tsallaken kogi. Na taɓa neman rasit a wurin Tasio mai kwalekwale, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Manong Cris, jiƙaƙƙen wandon nan naka bai ishe su shaida ba? Cire ka aika musu." Ban aika ba, don shi ne wandona na aiki.

Na huɗu, kuma shi ne maƙasudin wasiƙar. Manomin da ya kawo shinkafar sunansa Manong Ambo. Shi ya riƙe ɗan Manang Felisa na fari ranar baftisma, wato kumpare ɗinta ne, ita kuma kumare ɗinsa. Tun daga wannan rana babu girbin da ya wuce bai kawo mata sabuwar shinkafa ba, tun bai san inda ƙofar banki take ba. Bana, da yake ta san doka ta yi tsanani, ta yi ƙoƙarin ta lallaɓa shi ya koma da kayansa. Ina wurin. Tsohon ya cire malafarsa ya ce, "Kumare, ni za ki mayar wa da shinkafa? Me na yi miki? In wani abu kika ji an ce na ce, faɗa mini a gaban mutane." Ta miƙa hannu ta karɓa. A San Rustico idan ka mayar wa kumpare da amfanin gonarsa ka yanke zumunci ke nan, kuma kafin a kaɗa ƙararrawar coci ta yamma gari ya ɗauka.

Dokarku ta ce kada ma'aikaci ya karɓi kyauta daga abokin ciniki. Doka ce mai kyau, a garin da ba a san juna ba. A nan kowa abokin ciniki ne, kowa kuma kumpare ne. Ni kaina yaran da na riƙe a coci sun yi yawan da in Kirsimeti ta zo ta ƙofar baya nake shiga gidana, don gudun masu jiran goron biki. Da wa kuke so mu yi zumunci, da ɓaunar kalanda?

Saboda haka ga inda muka tsaya, kuma ina neman haske. An hana mu buhu saboda shinkafa tana kusa da mu. Da shinkafar ta ƙara matsowa, an dakatar da mace. To wane irin kusanci ne doka ta yarda da shi? Taku nawa ya kamata a bari tsakanin ma'aikaci da shinkafa? A aiko mana da awon, mu ja layi da farar ƙasa.

A nan zan ajiye ladabi na ɗan lokaci, ranka ya daɗe. Raina ya ɓaci. Matar nan tana bakin wannan kantar banki tun wasu 'yan kwamitinka suna goye. Mijinta yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, kuma fanshon nan shi ne maganinsa. Tun da aka dakatar da ita ba ta je kasuwa ba, ba ta je coci ba, saboda a gari kalmar "dakatarwa" da kalmar "sata" tare suke tafiya. Na je gaishe ta, na tarar ta goge rigar aikinta ta rataye a ƙusa, kamar gobe za ta saka. Abin da kawai ta tambaye ni shi ne ko wani yana ba furannin ƙofar ofis ruwa.

Na biyar, shaida. Takardarku ta umarce ta da ta zo da rabin buhun yadda aka kawo shi, a gabatar da shi gaban kwamiti. A nan akwai 'yar matsala. Ba ta kai shi gida ba. Tun da aka soke mana buhun wata muke haɗa tukunya ɗaya a bayan ofis, ita ke dafawa. Ranar da mai bincikenku, Mista Villaroman, ya zo duba reshe, wannan shinkafar ta dafa, da busasshen kifi da miyar gauta da kabewa. Baƙo ne, muka ba shi kujera mai kyau. Ya ci, ya yi gumi, ya sassauta ɗamara, ya miƙa faranti yana cewa, "Manang, wannan ai ba irin tamu ta Manila ba ce! Ƙaro mini, kada ki ji nauyi. A ina kuke samunta?" Ita kuma da ba ta iya ƙarya ba ta ce kumpare ɗinta ne ya kawo. Sai ya goge baki, ya ture farantin gefe, ya rubuta rahotonsa a kan teburin. Don haka wani kaso mai kauri na shaidar ya riga ya iso Manila, yana kuma zama tare da ku a ofis. Sauran kuwa mu muka ci, ni da manajarmu Madam Editha da mai gadi.

Tunda haka ne, ranar Litinin za mu rufe reshe mu rako ta, a yi mana hukunci tare. Muna roƙon a tanadar mata kujera, guiwoyinta ba sa son tsayuwa.

Akwai kuma mutum ɗaya da ya ce sai ya biyo mu, mun yi iya yinmu ya ƙi hanuwa. Manong Ambo ne. Tun da ya ji abin da kyautarsa ta jawo ya kasa sukuni, ya ce shi ya ɓata, shi zai gyara. Bai taɓa zuwa Manila ba, bai iya rubuta takardar ban haƙuri ba, hanya ɗaya ya sani ta roƙon babban mutum. Ya riga ya sa an casa, an ɗinke bakin buhu, cikakke wannan karon, mafi kyawun abin da gonarsa ta ba shi, kuma naka ne. Yana da rance a bankinku, ina tunatar da kai. Zai ɗauko shi a kafaɗa ya sauke a gabanka, ya cire malafarsa, ya jira.

Idan ka karɓa, ka san abin da dokarka ta ce. Idan ba za ka karɓa ba, sai ka dubi idon tsohon nan, a gaban jama'a, ka ce masa ya ɗauki shinkafarsa ya koma da ita. Abin da kuka ce Manang Felisa ta yi ke nan ta kasa. In kai ka iya, ranka ya daɗe, to ka kore ta.

Ina mai durƙusawa da dukkan girmamawar da ta dace da hawan da kake zaune,

Naka mai biyayya, kamar yadda takardar ɗaukata aiki ta tanada,

Crisanto Dumlao,
Jami'in ba da rance,
Reshen San Rustico.