Rasuwar Kwarashi Mai Karkataccen Wuya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsun da suka rasa abin riƙewa, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da duk wadda ta taɓa rataya aikina a kunne ko a wuya, rasuwar kwarashin da nake saƙa da shi, ɗan siririn nan na ƙarfe da aka fi sani da Mai Wuya. Ya cika a kan teburin falo, kusa da taga, bayan gajeriyar jinyar da ba shi ya nemo ta ba. Ba a san shekarunsa ba, domin lambar da ke jikinsa ta goge tun kafin in yi wayo, amma ya girme ni nesa ba kusa ba.

Gaskiya ta sa in faɗa tun da wuri cewa marigayin ba nawa ba ne. Umma ce ta miƙo mini shi ranar da zan bar gida, ta riƙe ɗaya gefen ta ƙi saki sai da na maimaita mata da bakina cewa aro ne. Tun daga nan duk zuwan da za ta yi, sai ta tambayi lafiyarsa kafin ta tambayi ta jikokinta. Saboda haka kada masu karatu su ɗauka kuka ne ya jinkirta wannan sanarwa. Tsoron Umma ne.

Marigayin mai haƙuri ne, mai riƙon amana. Wanda bai taɓa saƙa da siririyar wayar ƙarfe ba ba zai san darajarsa ba. Ulu yana da yafiya, in ka yi kuskure sai ka warware ka sake. Waya kuwa in ta lanƙwashe a inda bai dace ba, ta riƙe ka a zuciya ke nan har abada. Mai Wuya shi kaɗai ya iya lallashinta. Yana da ɗan karkacewa a wuya, wadda shekaru da babban yatsa suka yi masa, kuma da ita yake juya waya a hankali, kowane ɗan dutsen ado ya zauna yana kallon gaba ɗaya kamar ɗalibai a aji. Yana aiki yana cewa ƙis, ƙis, ƙis, in ya faɗi a ƙasa ya ce ƙilin sau ɗaya, ba ya ƙari. Ya saƙa 'yan kunne da sarƙoƙi da zobba da jakunkunan da ko wayar salula ba ta shiga cikinsu amma mata suke rububinsu. An sosa kai da shi, an ciro auduga daga kwalbar magani, an zaro zariyar wando da ta gudu, bai taɓa cewa wannan ba aikinsa ba ne.

Cutar ajalinsa ta zo ne ta hannun maigidana, wanda ake kira Injiniya ko da yake bai taɓa karanta injiniyanci ba. Mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Har a gidan mutane yakan tashi ana cikin hira ya daidaita musu hoton bango. Rannan na fita sayo duwatsu, ya tarar da marigayin yana hutawa a kan tebur, tausayi ya kama shi. Ya ɗauki filaya, aminiyar marigayin da suke kwana a akwati ɗaya, ya miƙe masa wuya sambal. Da na dawo ya gabatar mini da shi a kan hankici yana murmushi, yana jiran godiya. Ya ce shekara da shekaru ina wahala da lalataccen abu ban faɗa masa ba.

Daga ranar Mai Wuya bai sake zama shi ba. Waya ta riƙa zame masa, duwatsu suka juya wa juna baya, muryarsa ma ta dushe. Na kai shi wajen mai walda, ya duba shi a tafin hannu ya ce shi ƙofofi yake yi wa aiki, wannan majinyacin tartsatsi ɗaya zai ƙarasa shi. Ya tura ni wajen mai gyaran tabarau, wanda ya ba da shawarar a ɗumama wuyan a kan kyandir a mayar da shi sannu a hankali. Na bi umarnin likita. Na ɗumama, na lanƙwasa, na ji kamar yana dawowa, na ƙara ɗan kaɗan. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce ƙas. Har yanzu Injiniya yana nanata cewa shi da ransa ya miƙa shi, ni kuwa na san inda ciwon ya samo asali, kuma ban daina dafa masa abinci ba ne kawai don yara na kallo.

Marigayin ya bar filaya, wadda ba ta iya haɗa ido da kowa tun da abin ya faru. Ya bar almakashi, da ƙullin ulu kala-kala, da wayar jan ƙarfe da aka riga aka zura wa duwatsu tana jiransa. Ya kuma bar ɗan kunne guda ɗaya shuɗi, maraya, wanda wata nas ta ba da aikinsa, ya gama na dama bai kai ga na hagu ba. Sababbin kwarasan da Injiniya ya sayo cike da fakiti ba sa cikin dangi, ko da yake sun zo sun zauna. Ɗaya daga cikinsu ya gwada saƙa na hagun, ya fito tsaf, a miƙe, babu rai. Nas ta ce za ta riƙa karkata kai don su yi daidai, Allah ya saka mata.

Mun ɓoye wa Umma iya ƙarfinmu. In ta bugo waya sai in ɗauki fil ɗin gashi in riƙa goga shi a wayar saƙa kusa da bakina don ta ji ana aiki. Da aka zo batun wanda zai faɗa mata, ƙanena ya ce shi ba ya gari, ƙanwata ta ce hawan jininta ba zai bari ba. Sai ga Umma da kanta ba sanarwa. Idonta ya yi rauni, amma yatsunta ba su tsufa ba. Ta zauna, ta laluba tebur, ta ɗauki 'yan kunnen nan biyu ta murza ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan na hagun ba hannunsa ba ne," in ji ta. "Ina yake?"

Na kawo mata shi gida biyu. Ta daɗe tana shafa gurbin da yatsa ya lotsa, ni kuma na sunkuyar da kai ina jiran abin da na cancanta. Ban taɓa jin kunya da tausayi sun haɗu mini haka ba. Can ta nisa, ta ɗago kai.

"To yanzu wa zai faɗa wa Yaya?"

A nan ne muka ji cewa ita ma aro ta yi. Ta karɓo shi wajen yayarta, Inna Babba, don ta yi wa rigar jaririyarta bakin ado, da alkawarin za ta mayar da zarar ta gama. Ni ce jaririyar. Inna Babba tana nan da ranta da ƙarfinta, kuma duk haɗuwarsu sai ta tambaya, Umma ta ce yana wajen yarinya, ta kusa gamawa. Inna Babba kuwa ta taɓa daina gaisawa da maƙwabciyarta a kan murfin tukunya.

Dangane da jana'iza, an shimfiɗa marigayin a kan auduga cikin gidan tabarau, kuma masu son yi masa kallon ƙarshe za su same shi a kan tebur kusa da taga. Ana roƙon kada kowa ya zo da gam. An tanadar masa makwanci a gwangwanin maɓallai, inda magabatansa suke, amma ba za a rufe shi ba sai da izinin mai shi. Ba mu ne muka sa ranar ba. Inna Babba ta aiko cewa an yi mata aikin ido, tana gani tar, tana so ta koma saƙa, a kawo mata kayanta ƙarshen mako.

Iyali sun zauna sun amince baki ɗaya cewa Injiniya ne zai ɗauki gawar ya kai mata, ya yi bayani. Umma za ta raka shi har bakin titi, daga nan ƙafarta za ta fara ciwo. Ni zan tsaya a gida in karɓi baƙi. Masu zuwa ta'aziyya su daure su zo kafin ya tafi, su gaisa da shi, su yafe masa hotunan bangonsu.