Tauraron Ummaru Ya Ƙi Gyaruwa

"Lahiya lau, sai kewar goro. Ina gajiya, amaryar da ta tsere ta bar ango?"

Tsoho Kabo ke amsa gaisuwa da hantsi, yana tufkar igiya a ƙofar gidansa a Kusada. Mai gaisuwar jikarsa ce, Kulu, dawowarta ke nan daga Kankiya, inda ta raka gwaggonta Iyatu cin kasuwa, shi kuma ya ba ta saƙon goro. A shekarar ne sojoji suka dawo daga yaƙin duniya a ƙasar Bama. Samari biyu ke neman Kulu: Ɗanmaliki, malamin awon auduga a Kankiya, mai keken hawa da agogon hannu, da kuma Ummaru, wanda ya dawo daga yaƙin da keken ɗinki ya kafa rumfa a bakin kasuwa. Ubanta ya ce ta fid da ɗaya kafin Juma'a.

Ta ce, "Wane ango? Mai haƙora uku, biyu suna rawa? Ga goronka, in za ka iya da shi."

Kabo ya kwance ƙunshin ya ƙwanƙwasa ɗaya a kan dutse. "Wanga goro ne ko tsakuwa? Ai ya girme ni! Tun Turawa ba su zo ba aka tsinke shi."

"Sa'anka na zaɓo maka, don kada ku raina juna."

"Ƙarya kike. Kwana biyu a Kankiya a rasa ɗanyen goro? Hankalinki ba ya kasuwa. Iyatu ta ce wurin malamin taurari kika yini."

"Kai, bakin Gwaggo ba shi da marfi!"

"To mi ya gani? Ni ne mijin, ko?"

"Ya duba naka. Ya ce tauraronka ya daɗe da faɗowa, yana cikin wata rijiya a Mawashi, kwaɗi na hutawa a kanshi."

Tsohon ya yi dariya har da tari. Kulu ta gyara zama ta ba shi labari. Malamin ya tambayi sunanta da na samarin da na iyayensu mata, ya yi ta zane-zane a faifan yashi yana ƙirga da yatsu. Ya ce tauraruwarta ta wuta ce. Na Ɗanmaliki na iska ne, iska kuwa hura wuta take yi. Na Ummaru na ruwa ne, in suka haɗu gidan ba zai tsaya ba.

Kabo ya tafa. "Madalla! An gama. A ba mai keke! Ya goya ni mu tahi Katsina in ga Joji, Baturen mulki, ido da ido."

"Kai a bayan keke? Iska za ta kwashe ka tun kafin Kankiya, a tsince ka saman ɗorawa."

"To ke mi ya hana ki guɗa? Fuska kamar an zubar miki da fura."

Kulu ta shiga wasa da bakin zanenta. "Na koma na ce ya sake dubawa. Na ce mishi kuskure na yi, sunan uwar Ummaru ba Rahamatu ba ne, Hadijatu ne."

"La'ilaha! Kin sake wa yaro uwa ba da saninshi ba?"

"Ya ƙirga ya ce har yanzu ruwa ne, ya ma ƙaru."

"Sai kika haƙura."

"Sai na koma washegari. Na lulluɓe da mayafin Gwaggo, na shaƙe murya, na ce sunana Kubura daga Bauranya."

"Ya ce mi?"

"Ya ce, 'Kulu, ko gemu kika liƙa kika zo zan gane ki. Ruwa ne.'"

Kabo ya kwanta a kan buzu yana shure-shure, hularsa ta gangara kwata. Sai da ya share hawaye ya tashi. "Sau uku! To gaya mini, sau nawa kika koma saboda mai keke?"

"Shi ai nashi ya yi daidai."

"Da nashi ne ya zo ruwa, za ki ari mayafi?"

Kulu ta tashi. Ta ɗauko hular ta kakkaɓe ta miƙa masa. Da ta sake magana, muryarta ta yi ƙasa. "Kaka, tsoro nake ji. In na ce Ummaru nake so, wani abu ya same shi ta dalilina fa?"

Kabo ya ajiye igiyar. "Yaron da harsashi ya bi ta gefen kunnenshi a Bama ya bar shi, ke ce za ki gama da shi? Da mi, da ɗanyen tuwonki? Rai da aure na Allah ne, ba na faifan yashi ba. Kuma wuta da ruwa, da mi ake dahuwa a gidanku? Tukunya kurum ake sawa a tsakani. Ga ni nan, ni ne tukunyar."

"Tsohuwar tukunya mai yoyo!"

"Ita ke miya mai daɗi, marar kunya."

Ta yi dariya tana goge ido da bayan hannu. "To tukunya, tashi ka gaya wa Baba. Ni ba zan iya faɗa a gabanshi ba."

"Ni? A ƙwace mini mata kuma a aike ni da albishir? Sai dai telan ya ɗinka mini babbar riga mai aska tara."

"Zai ɗinka. Ƙyalle ɗaya na hula ya ishe ka riga da wando, har a samu ragowa."

"Kin ci ni, ja'ira, kin ci ni!" Ya zura hannu cikin aljihun taguwarsa ya daɗe yana lalube, ya fito da wani zoben azurfa da ya sha hannu. "Na marigayiya kakarki ne. Ungo. Ba ni sandata, ubanki yana gona."

Kulu ta sa zoben, ya zauna mata cif. Ta miƙa masa sandar, ta riƙe masa hannu ya miƙe.

"Sannu-sannu, Kaka, kada ka isa bayan Juma'a."