Dogo Ya Kwanta Dama, Saura Kilomita Goma Sha Ɗaya

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da kuma gwiwoyi biyu cike da tsami, Baba Mai-Wasiƙa, tsohon ma'aikacin gidan waya, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kekensa, baƙin nan mai sirdin fata da kowa a unguwa ya sani da suna Dogo. Marigayin ya cika ranar Asabar da yamma liƙis, a gefen titi, yana da shekara talatin da huɗu a duniya.

Duk wanda ya zauna da Dogo zai yi masa shaidar haƙuri. Bai taɓa neman fetur ba, bai taɓa ƙin tashi da safe ba. Abincinsa ɗigon baƙin mai a sarƙa sau ɗaya a mako, sai iska idan ya samu. Ya kai takardun ɗaukar aiki, ya kai na kora, bai taɓa tsegunta wa kowa abin da ke ciki ba. Maganarsa biyu ce tak: ƙirin-ƙirin ta ƙararrawa a ƙofar gida, da ƙiii-ƙiii ta fedar hagu idan an zo hawa. Gaskiya birkinsa na baya ya riga Baba yin ritaya, amma ba a tone-tone a ranar makoki.

Ga yadda ajali ya zo. A watan jiya likita ya matsa gwiwar Baba, ya girgiza kai. Babban ɗansa, wanda ƙannensa ke kira Yaya Injiniya, ya ce a jingine keke haka nan, shekara saba'in ba wasa ba ce. Baba ya ce sai dai a jingine su tare. Da gardama ta yi tsawo suka yanke magana a gaban uwar yara: Baba zai hau Dogo zuwa gidan Auta, 'yarsa, kilomita ɗari da ashirin. Idan ya isa kafin rana ta faɗi, babu mai sake yi masa zancen keke. Idan bai isa ba, ya sauka ke nan har abada.

Ai kuwa kafin gari ya waye labari ya zaga unguwa. Mai shagon kan kwana ya kawo agogon bango a kai wa surukinsa. Malamar makaranta ta kawo kwalin littattafai. Bakanike ya rungumo batirin mota, wai a miƙa wa ƙanensa tunda kan hanya ne. Uwar yara ta yi ta harara tana tsaki, amma ina! Mutumin da ya shekara talatin yana karɓar saƙo bai san yadda ake cewa a'a ba. Ya ɗaure kayan a kariyar bayan keke da roba, ya rubuta sunan kowane mai karɓa a ɗan littafinsa, suka kama hanya.

Tun daga gadar bayan gari iska ta juyo ta tsaya musu a fuska kamar an aiko ta. A kilomita na talatin ƙusa ta shige tayar baya, Baba ya sauke kaya duka, ya yi faci, ya sake ɗaurewa. Manyan motoci suna wucewa suna tura su cikin tsakuwa. Ruwan gora ya ƙare kafin rana ta take. Duk da haka agogo ya isa hannun mai shi, littattafai ma haka, kowa ya sa hannu a littafi yana dariya, Baba kuwa ko murmushi.

A kilomita na saba'in aka tarar ƙanen bakanike ya yi tafiya. Matarsa ta ce a ajiye batirin a zaure, ai gidansa ne. Baba ya duba littafi, ya ga ba sunanta aka rubuta ba. Ya zauna jira sa'a guda cur, rana tana gudu. Baiwar Allah ta roƙa har ta gaji, ta ce shekararta ashirin a gidan nan, ko batirin ma ya san ta. Baba ya ce bai taɓa ba da saƙon wani ga wani ba, kuma ba yau zai fara ba. Ya mai da batirin kan Dogo, zai kawo a dawowa.

Marigayin bai yi ƙorafi ba. Ya hau wani dogon tudu da nauyin a bayansa, ƙiii-ƙiii, ƙiii-ƙiii, Baba yana lallashinsa kamar yaro. A gangare ne suka faɗa wani rami. Aka ji ƙas, sau ɗaya. Ƙarfen tsakiya ya rabe biyu, Dogo ya durƙusa a hankali, ya sauke ubangidansa ba ko ƙwarzane. Batiri ma lafiyarsa ƙalau. Saura kilomita goma sha ɗaya, rana kuma ta yi ja.

Can Yaya Injiniya ya same shi da mota, yana zaune a ƙasa, ya ɗora kan keken a cinyarsa. Yaya ya buɗe baki zai yi magana, Baba ya ɗaga hannu.

“Na sani, ba sai ka faɗa ba,” in ji shi. “Amma ka gaya wa 'yan'uwanka ba ni na gaji ba.”

Mai walda ya duba gawar washegari, ya ce tsatsa ta cinye cikin ƙarfen tun da daɗewa, fenti ne kawai ke rufa masa asiri. Baba ya yi kuka, kuma bai ɓoye ba.

Marigayin ya bar famfo ɗaya, makullin da ya ɓace masa tun yana saurayi ba a gani ba har yau, gwangwanin faci rabi, da tsoho ɗaya mai cika alkawari. Auta ta ce za ta sayo sabo mai giya, Baba ya yi godiya ya ce ta bar kuɗinta, magana ɗaya aka yi.

Za a rataye marigayin a bangon zaure gobe da hantsi. Ana roƙon masu sayen tsohon ƙarfe su yi ta'aziyyarsu daga nesa. Ƙanen bakanike ya zo da kansa ya karɓi batirinsa, ya taho da biro. Masu gaisuwa za su sami Baba a kan benci a ƙofar gida, daga safe zuwa yamma. Ba a sa ranar tashi daga zaman makokin ba, kowa ya zo ranar da ya samu hali. Baba yana nan, ba inda za shi.