Rasuwar Madam, Ordinatar Biron Iri

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ciki mai cike da tsoro, Malam Ilyasu, sakataren ƙungiyar manoman da ke raba iri a Madarunfa, yana sanar da rasuwar Madam, ordinatar bironsa, wato kwamfutar ofishinsa. Ta cika ranar Talata da hantsi, farkon daminar 1996.

Marigayiya mai kunya ce, kullum cikin lulluɓin zanen da Atika matarsa ta ɗinka mata. Da safe takan gaishe shi da "ƙiiit", ta yi "gurr-gurr" in tana tunani. Aikinta ɗaya: a rubuta mata abin da mutum ya faɗa game da sana'arsa, ita kuma ta ce manomi ne, a ba shi irin gyaɗa, ko ta ce ba ya nan.

Ciwon ajalinta da shi ta zo. Baturen da ya tsara mata tambayoyi kafin ya koma ƙasarsu ya sa ta fara duba ko an ambaci Najeriya. In ta gani, shi ke nan, mutum ba ya nan, ba ta ƙara duba ko yana da gona. To, don Allah, wane magidanci ne a garin Gabi ba ya zuwa cin rani Najeriya ya dawo kafin shuka? Kaf ɗinsu ta kora, har da mai gari.

Malam Ilyasu ya yi jinya iyakar ƙarfinsa. Ya juya tambayoyin, gona ta zo farko. Sai ga direbobin garin Ɗan Issa, waɗanda rabonsu da hauya tun suna yara, duk sun zama manoma, don kowa ya ambaci gonar ubansa. Kwana huɗu yana fama, gumi har cikin takalmi, sannan Allah Ya nuna masa magani: a tambayi inda mutum yake yin damina. Ya rubuta. Bai kai ga ajiyewa a faifan disket ba ta yi "fuuu", warin ƙonannar roba ya tashi, fuskarta ta yi baƙi ƙirin.

Ta bar injin buga takarda, wanda bai ƙara cewa uffan ba. Ta bar Ɗan Baba mai sito, da ya rantse ba zai buɗe ƙofa ba sai da takardar da ta fito daga bakinta, haka dokar furoje, wato shirin raba irin, ta ce. Ta bar magidantan Gabi ɗari da arba'in zaune a bakin biro, biron kuma ƙofarsa ɗaya. Jiya an yi ruwan shuka.

Za a sa gawa a kwali gobe bayan azahar, a ɗora a motar Maraɗi, ko mai gyara zai ce doguwar suma ce. Mutanen Gabi sun yarda gawa ta fita. Mai gawar, Malam Ilyasu, ne ba su yarda ya fita ba. Masu ta'aziyya su zagayo ta bayan biro, yana karɓar gaisuwa ta taga.