Lasisi Ɗaya, Kwamfuta Biyu

Jama'a, yau na fita da niyyar karɓo albam guda, na dawo gida da hoto ɗaya tal, aljihuna kuwa fayau kamar an bi shi da tsintsiya. Ku gyara zama in ba ku labari, don in na bar shi a cikina hawan jini zai zame mini.

Mai hoton layinmu, wanda muke kira Ƙyas saboda ba ya gama gaisawa da mutum bai ɗauke shi ba, shi ya yi mana aikin bikin 'yar farinmu. Tun lokacin yake ta yi mana gobe-gobe. Ni ban damu ba, amma maiɗakina ta damu, kuma tana da hujja. Mahaifiyarta, Inna, mace ce da ta ƙi jinin hoto. Kana ɗaga waya za ta ja mayafi ta juya maka ƙeya. Ranar bikin nan ne kaɗai Ƙyas ya yi ta tsokanarta, yana "amaryata, ɗan dube ni mana," har ta saki jiki.

Bayan biki ma sai da aka yi ƙaramin yaƙi. Ƙyas yana da kwamfuta biyu: tsohuwa a ɗakin baya inda yake tara aiki, da sabuwa mai sheƙi a gaban shago tana nuna wa masu wucewa hotunan talla. Maiɗakina ta zo wucewa sai ta hango uwarta a allon, baki buɗe tana ƙyaƙyata dariya. Ta faɗa shagon ta wanke shi tas. "Uwata ce za ka yi talla da ita? Goge shi yanzu!" Ya ce, "An goge, Hajiya." Ba a yi nisa ba Allah ya karɓi Inna. Wato duk faɗin duniyar nan, fuskarta a wuri ɗaya ta rage: ɗakin bayan Ƙyas.

To yau ina shiga shagon, ƙaurin ƙonanniyar wayar wuta ya doki hancina. Ga Ƙyas zaune dirshan a ƙasa, ya jingina da labulen nan mai zanen lambu da yake tsayar da amare a gabansa. Ashe masu wuta, bayan sun ɗauke ta kwana da kwanaki, sai suka haɗo duka suka aiko a lokaci guda.

"Baba, kwamfutocin sun tafi," in ji shi. "Duka biyun."

"Katin kyamara fa?"

"Na goge na yi bikin ɗan mai gyaran babur da shi."

Sai na tuna wani abu. Na ce, "Kai, tashi mana! Ba kana da ajiya ba? Ga sitikar lasisi can tana ƙyalli a jikin kwamfuta."

Wanda bai sani ba, bara aka kafa mana wani ofishi wanda ba zan kira sunansa ba, don sunan ya fi ofishin tsawo. Mai Girma Shugaban ofishin, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya ce saboda tsananin ƙaunar da yake wa ƙananan 'yan kasuwa, dole duk mai kwamfuta a shago ya sayi lasisin ajiye kwafin bayanansa a intanet, don gudun rana irin ta yau. Shawara mai kyau, wallahi. Kuma don kada mu wahala da zaɓe, sai ya tantance mana kamfani guda ɗaya. Mai kamfanin hancinsu iri ɗaya da Mai Girma, amma ni ba na zargin kowa, Allah ne ke raba hanci.

Na tasa Ƙyas a gaba sai kamfanin. Sanyin na'ura, kujeru masu taushi, da wata yarinya mai murmushin da ba ya ƙarewa. Na yi mata bayani. Ta ce babu matsala ko kaɗan, sai dai a biya kuɗin cirowa.

Na ce, "'Yata, to me ya biya tun bara?"

"Na ajiyewa ya biya, Baba. Ajiyewa daban, cirowa daban."

"Kayansa ne fa."

"Ba mu ce ba nasa ba ne. Nasa ne, a wurinmu."

Daga nan ta shiga karanto mini farashi. Lasisi kowace kwamfuta da nata, kuma kowace shekara yana mutuwa sai an taso shi. In kayanka sun yi nauyi, akwai kuɗin nauyi. In kana son su yau, akwai kuɗin gaggawa. In ba ka da shi, sai ka jira wata mai kamawa. Ƙyas yana tsarin Azurfa ne, wato mai araha, su kuwa 'yan Azurfa bisa ƙa'ida ma ba a yi musu magana baki da baki, alfarma ce ta yi mana saboda furfurata. Na gode mata ƙwarai, na kuma matsa daga kujerar kada a ce akwai kuɗin zama.

Ta ɗan taɓa na'urarta, sai ta ce, "Lasisin nan na kwamfuta ɗaya ne. An rubuta, kwamfutar gaba."

Na juya na dubi Ƙyas.

"Ƙyas, wace ce kwamfutar gaba?"

"Ta tallar, Baba."

"Aikin mutane kuma yana ina?"

"A ta baya." Sai ya ƙara da cewa, "Baba, kuɗin lasisi ɗaya ya kai hayar shagona. Biyu ba zan iya ba. Da jami'in duba ya zo manna sitika, ya leƙa ɗakin baya ya ji zafi, sai ya ce a sa ta inda zai riƙa hangowa daga bakin ƙofa ba sai ya sauko daga babur ba. In bai ga sitika ba tara ce. Ni kuma na ga ta fi kyau a jikin sabuwar."

Kun ji fa! Shekara guda cur kamfani yana tsare mana, cikin amana da ƙwarewa, waƙoƙin Ƙyas da makin da ya ci a wasan karta. Aikin jama'a kuwa yana ɗakin baya babu mai gadinsa sai gizo-gizo.

Raina ya ɓaci, na ce sai na kai ƙara. Muka tsallaka ofishin Mai Girma. Magatakarda ya ce Yallaɓai ba ya nan, ya tafi taron ƙara wa juna sani a ƙasar waje kan muhimmancin ajiye bayanai. Na ce to a rubuta ƙorafina. Ya ce ba zai yiwu ba, wutar nan ta cinye tasu kwamfutar, duk ƙorafe-ƙorafen bana sun tafi. Na ce ai ku kuna da ajiya. Ya sosa ƙeya ya ce lasisinsu ya mutu, kuɗin sabuntawa kuma an yi allunan wayar da kai da su. Na san allunan. Fuskar Mai Girma dai ba za ta taɓa ɓata ba, an ajiye kwafinta a kowane shataletale.

Muka fito na tsaya a rana, ina tunanin bakin da zan faɗa wa maiɗakina. Ba faɗanta nake tsoro ba, na saba. Shirunta nake tsoro. Kullum da ta ji sallamata sai ta ce, "Ka biya ta wurin mai hoto?"

Sai Ƙyas ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Baba, hoton nan da Hajiya ta ce in goge daga ta gaba."

"Wanda ka ce an goge."

"Eh, na ce."

"Ƙyas, ka goge ko ba ka goge ba?"

"Na dai ɗauke shi daga talla na tura gefe, na ce anjima zan goge."

Ban taɓa jin daɗin ƙaryar mutum irin yau ba. Muka koma kamfani har ina haɗawa da gudu. Na ce wa yarinyar hoto ɗaya kawai nake so. Ta ce ba sa bayarwa ɗai-ɗai, ko duka ko babu. Haka na zazzage aljihu na biya kuɗin cirowa da na nauyi da na gaggawa, na fanso wa Ƙyas waƙoƙinsa da kartarsa. Aka yi ta zubo tarkace, sai ga Inna, baki buɗe, mayafi ya zame, tana nuna mai hoto da yatsa. Muka biya wurin wani abokin sana'arsa aka wanke mini shi.

Da na isa gida ban jira ta tambaya ba. Na ce, "Albam ya ƙone. Wannan ne ya tsira." Ta karɓa ta zauna a bakin gado. Ta daɗe tana kallo, tana shafa gefen takardar da yatsa.

"Dubi yadda ta buɗe baki," in ji ta. "Da ta ga wannan sai ta ci mutuncinmu gaba ɗaya." Ta fara dariya, dariyar ta koma kuka, ni ma na ji idona ya ciko na juya ina gyara labule. Can ta share fuska ta ce, "Baban yara, ba wannan ne na ce ya goge ba?"

"Shi ne."

"Ka ce masa na yafe. Amma kada ya sake ya biyo ta ƙofar gidan nan wannan watan."

Yanzu haka ta ba da umarni a wanke kwafi-kwafi, a kai wa kowane ɗan'uwanta ya rataya a bangon ɗakinsa, wai in ɗaya ya ɓata akwai saura. Tsari ne mai kyau, babu Azurfa babu Zinare. Roƙona gare ku, masu karatu, kada wannan magana ta kai kunnen Mai Girma. In ya ji, kafin ƙarshen wata kowane bango sai ya yanki lasisi.